Gadon Alhaji a Jamus

Hantsin Asabar a rumfar wanzami. Bakano na zaune kan tabarma, an aske masa rabin kai. Bazazzagi na jiran layi, yana leƙen wayar Ticha.

Bazazzagi: Ticha, dakata, dawo da hoton nan. Yaushe Alhaji ya ɗauki hoto ba hula?

Ticha: Ba Alhaji ba ne, Malam. Siffar mutumin Niyandatal ce, masana suka ƙera ta daga ƙoƙon kansa. Wasu irin mutane ne da suka zauna a Turai da yammacin Asiya, suka ƙare kimanin shekara 40,000 da suka wuce.

Bazazzagi: To ba su ƙare duka ba. Ga ɗaya nan ana yi masa aski.

Bakano: Sarkin Aska, ɗaga askarka in ba bawan nan nawa amsa.

Wanzami: Zauna daidai, Alhaji, kunne ba ya sake tsirowa. Ticha, yaya kan nasu yake? In maganar kai ce, ni ne alƙali.

Ticha: Goshi a kwance, ƙashin gira ya turo gaba kamar rumfa, hanci ƙato, haɓa kuwa kusan babu. Sannan ƙeya ta yi tudu, sai ka ce an manna curin fura.

Wanzami: (ya shafa ƙeyar Bakano) Uhm.

Bakano: Uhm ɗin me?

Wanzami: Shekara 20 ina kewaya tudun nan da aska, sai yau na ji asalinsa.

Bakano: Kai, ku kiyaye ni! Ni Bakano ne gaba da baya. Kakannina fatake ne, goro suke ɗaukowa daga Gwanja. Ba mu haɗa iri da Samudawa ba.

Ticha: Ai ba Samudawa ba ne. Gajeru ne kakkaura, namijinsu kamar santimita 165. Ƙwaƙwalwarsu kuma ta kai tamu girma, ta wasu ma ta fi.

Bazazzagi: Af, to an samu bambanci. Alhaji, na janye rabin maganata.

Ticha: A 1856 masu fasa dutse suka tono ƙasusuwan ɗayansu a wani kwari da ake kira Niyanda, kusa da Dusaldof a Jamus. Aka yi ta gardama. Wani farfesa a birnin Bon ya dage cewa sojan doki ne na Rasha da ya mutu a 1814, zamanin yaƙin Napoliyon. Wai hawan doki ne ya gwame masa ƙafafu, girar kuma yawan ɗaure fuska saboda ciwo ne ya turo ta.

Bazazzagi: Ka ji ko, Alhaji? Ka rage ɗaure fuska in an zo neman bashi.

Bakano: Ticha, rabu da shi. Su mutanen nan me suke sayarwa?

Ticha: Farauta suke yi da mashi. Suna hura wuta, suna sassaƙa wuƙar dutse, suna jinyar marasa lafiyarsu. A kogon Shanidar na Iraƙi an sami wani dattijonsu da hannu ɗaya ya shanye, ga tsohon rauni a gefen ido, amma ya daɗe a raye. Ka ga akwai masu kawo masa abinci.

Bakano: Na ce me suke sayarwa?

Ticha: Babu kasuwa a lokacin, Alhaji.

Bakano: Babu kasuwa? Kuma ana tambayar abin da ya kashe su?

Ticha: Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne, dama ba su da yawa, a warwatse suke, auren zumunci ya yi musu yawa, yanayi kuma yana ta juyawa. Sai ga irin namu sun ɓullo daga Afirka, sun fi su yawa. Har aka yi auratayya. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Pääbo, shi da mutanensa suka karanta ƙwayoyin halittarsu daga tsohon ƙashi a 2010, ya ci kyautar Nobel a 2022. Ashe Turawa da mutanen Asiya na ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na jininsu.

Bakano: Dakata. Shekara nawa suka yi a can?

Ticha: Sama da 300,000. Daga Sifaniya har Saibiriya.

Bakano: Duk filin nan nasu ne? Kuma suka rasu ba a raba gado ba? Malam, maimaita abin da ka faɗa ɗazu, ga shaidu.

Bazazzagi: Ni? Wasa nake yi.

Bakano: Babu wasa a maganar nasaba. Ka ce kamarmu ɗaya, Sarkin Aska ya shaida ƙeya. Ticha, a ina ofishin jakadancin Jamus yake? Fuloti biyu a bakin titi sun ishe ni, in zuba shaguna.

Ticha: Matsalar ita ce, mu baƙar fatar Afirka namu rabon ɗan mitsitsi ne, bai kai ko rabin kashi 1 ba.

Bazazzagi: Shi ke nan, Turawa sun kange ka. Na kusa yana hana na nesa, haka muka karanta a Zariya.

Bakano: Ko tumunin takaba ne a ba ni. To babu wasu mamatan?

Ticha: Akwai mutanen Denisoba. A 2008 aka tsinci guntun ƙashin ɗan yatsan wata yarinya a wani kogo a Saibiriya, daga shi aka gane su. Amma mutanen Papuwa Niyu Gini na cikin waɗanda suka fi kowa jininsu.

Bakano: An riga ni. Sai ina?

Ticha: Sai wadannin tsibirin Flores a Indonesiya, da aka tono a 2003. Tsawonsu mita 1 da 'yan kai. Su ba a san musu magaji ba.

Bazazzagi: Waɗannan dai ƙyale su, Alhaji. Ko ka ci gidan, tumbinka ba zai shiga ƙofar ba.

Ticha: Ko a nan gida, a Iwo Eleru kusa da Akure, an tono wani ƙoƙon kai a 1965, mai shekara kamar 13,000, dogo, goshi a kwance, irin ƙirar mutanen da.

Bakano: Akure ba biza. Sarkin Aska, ƙarasa mini, ina da tafiya. Kuma ka bi ƙeyar nan a hankali, ita ce takardata.

Wanzami: An gama, Alhaji. Sai dai kuɗin ya canja. Askin kai daban, askin kayan tarihi daban. Ninki biyu.

Bakano: (ya lalubo hula ya kifa a kai) Wace ƙeya? Ni Bakano ne gaba da baya. Faɗuwa na yi daga jaki ina yaro.