Garejin da babu ko sifana ɗaya

Duk wanda ya tashi a Kano, in aka ce masa gareji, abu ɗaya ne zai faɗo masa a rai: ƙasa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, yaro kwance a ƙarƙashin mota ƙafafunsa kaɗai ake gani, oga na kan benci yana cewa a miƙo sha biyu da sha uku. Da wannan fahimtar na zo Amurka, da ita kuma na yi shekara shida ina zaman lafiyata, har ranar da motata ta fara kuka.

Sienna ce ƙirar 2004. Da ita nake kai wa mutane saƙo gida-gida, da ita nake kai yara makaranta, ita ce kuma ke ɗauko buhun shinkafa. Kukan nata ba irin wanda aka saba ba ne. In na tayar da ita da safe sai ta ce kar-kar-kar-tas, ta numfasa, ta sake. A nan ƙasar kuwa makanike da awa yake lissafi, kamar lauya. Kafin ya ɗora hannu a kan bonet ma akwai kuɗin dubawa. Sai na ɗauki matakin da kowane talaka ke ɗauka: na ƙara sautin rediyo.

Unguwarmu Hamtramck, wani ɗan gari ne da birnin Detroit ya kusa haɗiyewa, a jihar Michigan. Kada ku wahalar da harshenku wajen kiran sunan, ni ma sai da na shekara kafin na iya. 'Yan Yaman ne da 'yan Bangaladash da ragowar tsoffin 'yan Poland, kuma tun 2004 hukumar garin ta yarda a kira salla da lasifika, saboda haka in ka rufe ido da asuba sai ka rantse a Fagge kake, in ban da sanyi. Detroit kuwa kowa ya sani, garin motoci ne, nan Ford da General Motors da Chrysler suka yi suna. To a irin wannan gari, in mutum ya ce maka yana da gareji, me za ka zata? Ina so a riƙe wannan, domin har gobe ban yarda laifina ba ne.

Wata safiya a watan Fabrairu muna kwashe dusar ƙanƙara da shebur, ni da maƙwabcina, wani dogon Bature da nake kira Dogo, sai na tayar da motar don ta yi ɗumi. Ta yi kukanta. Dogo ya tsaya cak, ya karkata kai yana saurare kamar likita, ya ce, "Kai, wannan sauti ne!"

Na ce a raina, masani ya ji. Na tambaye shi ko ya san harkar. Ya ce ai rayuwarsa ke nan, shi da abokansa uku, duk Asabar suna garejin bayan gidansa suna aiki. Ya ce in zo. Na ce nawa? Ya yi dariya ya ce kyauta, su ma daɗi za su ji. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma ba su ce ba ta gyaran mota ba.

Da na shiga gida na ba uwargida labari, sai ta dube ni ta ce, "Baban Abba, ka taɓa ganin baƙin mai a hannun mutumin nan?" Na ce mata su Turawa da safar hannu suke aiki.

Asabar da la'asar na bi ta lungun baya, na saita hancin motar daidai ƙofar garejin, na danna hon. Ƙofa ta naɗe sama. Babu rami, babu jak, babu ko sifana ɗaya. Ganguna ne jere, da akwatunan ƙara sauti da suka kusa kai ni tsawo, wayoyi a ƙasa kamar taliya ta zube. An lulluɓe bango da tsoffin darduma da kiret-kiret na ƙwai. Mutum huɗu suka fito: Dogo, da wani mai gemu har ƙirji, da wani siriri da bai cika magana ba, da wata budurwa mai koren gashi rataye da jita mai kauri. Ba ni suke kallo ba, motar suke kallo. Mai Gemu ya zagaya ta, ya leƙa but, ya auna da hannu, ya ce wa sauran, "Duk gangunan za su shiga."

Har a lokacin ban karaya ba. Na ce wataƙila kiɗan na hutu ne, kayan aikin na ciki.

Aka ba ni kujera, aka miƙo mini wasu 'yan soso guda biyu masu ruwan lemo wai in toshe kunne. Na ƙi karɓa. Ni da na girma tsakanin injin niƙa da janaretan maƙwabta, na sha wucewa ta cikin maƙera, yaran Turawa huɗu ne za su firgita ni? Dogo ya zauna a bayan ganguna, ya buga sanda sau huɗu.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku haɗa injin niƙa uku da tirela mai hawan tudu, ku zuba su a cikin randa, ku sa kanku ciki. Haƙorana suka riƙa kaɗawa, hulata ta matsa gefe da kanta. Siririn nan da ba ya magana ashe tara muryar yake yi: ya kama makirfo yana ihu kamar wanda kunama ta harba a masallaci. Minti biyu aka yi, suka tsaya tare dif. Na miƙa hannu a hankali na ɗauki sosona.

A hutun ne Mai Gemu ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ashe sunan irin kiɗan ke nan, kiɗan gareji. A shekarun 1960 samarin Amurka kan sayi jita mai araha, iyaye su kore su daga falo, su koma inda ake ajiye mota su yi ta bugawa, iyawa ko rashin iyawa. Rashin gogewar ma shi ne adon abin. Ya ba ni labarin waƙar "Louie Louie" da wasu samari da ake kira Kingsmen suka ɗauka a Portland a 1963: iyaye suka yi ta ƙorafi wai akwai batsa a ciki, hukumar FBI ta zauna ta yi ta saurare wata da watanni, a ƙarshe ta ce ita dai ba ta gane abin da mawaƙin ke faɗa ba. Mai Gemu da alfahari yake ba da wannan labari, kamar mai karanto tarihin kakanninsa. Ya ce kuma wannan amon da 'yan kallo ke rerawa a filayen ƙwallon Turai, wanda duk mai zuwa gidan kallo a Kano ya sani, daga nan Detroit ya fito, na White Stripes ne, mutum biyu kacal, mai jita da mai ganga. Wannan kam ya burge ni. Su kuma nasu, babu kamfani, babu manaja. Su ɗauka da kansu, su buga kaset da kansu, su sayar daga cikin jaka.

Sai Koren Gashi ta tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijeriya. Ban san me kunnenta ya ji ba bayan wancan ruguntsumi, sai ta daka tsalle ta ce, "Nijar! Ƙasar Mdou Moctar!" Nan fa gareji ya rikice. Ashe mutanen nan sun haddace makaɗan jitar Agadas fiye da yadda na san 'yan uwana. Suka ce bahago ne, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Suka kawo Bombino. Na ce a'a, ni Kano. Suka ce kusa da Agadas ne? Na ce to, in ka wuce Damagaram ka miƙa arewa, ana zuwa. Shi ke nan, magana ta ƙare, na zama ɗan gida.

Kafin in ankara an rataya mini jita. Ni da ko fito aka kama ni ina yi a gidanmu sai na sha ranƙwashi. Na riƙe ta a juye, suka ce ai haka bahagwai ke yi. Na matsa kusa da akwatin sauti don in ajiye ta, sai ta saki wata ƙara mai tsini kamar an taka wutsiyar kyanwa. Suka yi tafi. Wani ya ɗauki hoto.

Da na ga rana na shirin faɗuwa, na daure na ce, don Allah, motar fa? Na tayar da ita na buɗe bonet. Su huɗun suka sunkuya suna kallon injin kamar ƙauyawa a gaban na'urar cirar kuɗi. Kar-kar-kar-tas. Dogo ya fara gyaɗa kai, yana buga cinya daidai da kukan. Ya ruga ciki ya jawo makirfo da doguwar waya ya cusa a ƙarƙashin motar. Ya ɗago idonsa har da ƙwalla ya ce, "Maƙwabci, kada ka gyara ta. Ka ba mu sati biyu."

Na tafi neman mai gyara, na samo masu roƙon kada a gyara.

Bayan kwana goma wayata ta yi ƙara da ƙarfe biyar na asuba. Yaya ne daga Kano. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Auta, me nake gani haka?"

"Me ya faru, Yaya?"

"An ce ka zama makaɗi."

Ashe duk wata mutanen nan kan fitar da sanarwar labaransu a Facebook: an yi sabuwar waƙa, igiyar jita ta tsinke, za a yi wasa a wuri kaza. A ta wannan watan, labari na farko shi ne sun yi sabon ɗan ƙungiya daga Nijar, ga hotona da hula zanna da ƙatuwar rigar sanyi, jita a juye, baki buɗe. Sun kuma maƙala sunana. Wani ɗan yayarmu mai jin Turanci ya fassara, ya jefa a zauren iyali na WhatsApp, har da ɗan guntun kiɗan.

"Yaya, wallahi gyaran mota na je."

"Da garaya ake gyaran mota a can? Gidanmu kaf, daga malami sai ɗan kasuwar Kwari, ba a taɓa haifar maroƙi ba. Kuma in ma kiɗan za ka yi, Shata da ya yi nasa ai ana jin abin da yake faɗa. Wannan mene ne? Sannan tun yaushe ka koma ɗan Nijar? Hajiya na nan tana tambaya ko takardu ne suka ƙare maka."

Sai da na yi kwana uku ina bayani, na haɗa da kuɗin cefane, kafin Hajiya ta yarda ta sa mini albarka, da sharaɗin in nisanci garayar.

Jitar na nisanta, amma motar ta riga ta shiga. Da aka gayyace su wasa a Toledo, tafiyar kamar awa ɗaya kudu da mu, wa zai kai ganguna? Kunya ta hana ni cewa a'a, ga shi sun ce za su zuba mai. Wurin mashaya ce, saboda haka na yi zamana a mota na yi sallar isha'i a gefen taya. Da suka fito suna murna na tambayi yawan jama'a. Suka ce goma sha huɗu. Daga baya na gano da mai wurin aka ƙirga, da karensa.

A hanyar dawowa taya ta yi faci. Sha biyun dare, sanyi na yanka kunne, ga ni da mutum huɗu masu gareji. Ba wanda ya san inda safaya take. Ni na kwanta a kan ƙanƙara ina kwance noti, uku na haska mini da waya, Dogo na bin bugun sifanar da tafi.

Washegari bayan azahar na kai ƙarata wurin wani dattijo ɗan Yaman da muke sahu ɗaya a masallaci, mai garejin gaske, da rami da baƙin mai da komai. Ya leƙa ƙasan motar, ya ce wani faifan ƙarfe ne da ke kare zafin salansa ya saki. Ya ɗaure shi cikin minti biyar, ya ƙi karɓar ko sisi. Sanarwar watan da ya biyo baya da ta'aziyya ta fara: wai ƙungiya ta yi babban rashi, muryar Sienna ta tafi.

Kaset ɗin dai ya fito, guda hamsin suka buga. Dogo ya kawo mini nawa har gida, da riga mai hoton ƙoƙon kai wadda uwargida ta mayar tsumman goge ƙasa a ranar, da dala bakwai wai kasona. Na jefa kaset ɗin a mota na manta da shi.

Ran nan muna hanyar zuwa sunan wata 'yar uwa a Dearborn, mun yi kwalliya, ni da babbar riga. Abba na ta taɓe-taɓe a gaba kafin mu tashi, ban kula ba. Mun hau babban titi ke nan sai na ji kar-kar-kar-tas. Gabana ya faɗi. Na ce inna lillahi, ya dawo. Na gangara gefe, na kunna fitilun haɗari, na tattare babbar riga na fita cikin iska, na buɗe bonet, na durƙusa na leƙa ƙasa, har na fara lalubo lambar dattijon. Sai na ji kukan ya ɗauke, ganguna sun shigo, siririn nan ya fara ihu daga cikin motata.

Uwargida ta sauke gilashi, ta danna maɓalli, kaset ya fito. Ta miƙo mini ta taga ta ce, "Baban Abba, ga makanikenka."