Wai ni na yi rajista?

Wallahi yau an kai ni bango. Na buɗe imel ɗina na tarar ya cika maƙil da "barka da zuwa", "mun gode da ka yi rajista", wasu da Jamusanci wasu da yaren da ban taɓa gani ba. Wani ɗan iska ne ya ɗauki adireshina ya bi yana zubawa duk inda ake rajistar karɓar saƙo, kuma ba wasa ba ne, dabarar ɓarayi ce, a binne maka saƙon banki cikin tarkace kafin ka farga an yashe ka.

Na kira ɗaya daga cikin kamfanonin, wata ta ɗauka tana taunar cingam har ina jin ƙas ƙas. Na ce baiwar Allah ban taɓa rajista da ku ba. Ta ce "Malam sistem ɗinmu ba ya ƙarya, ga sunanka nan." Na ce to kun turo min saƙon tabbatarwa na latsa na ce eh ni ne? Shiru. Ina jinta tana danne-danne. Can ta ce "ai mu ba ma wannan, yana rage mana kwastoma." Ikon Allah! Wato duk wanda ya ga dama ya rubuta adireshin wani ku karɓa hannu bibbiyu saboda lissafinku ya yi kyau a gaban oga. Sai ta ƙara da "ka je ƙasan saƙon ka cire kanka mana, meye na ɗaga murya." In bi su ɗaya bayan ɗaya kenan ina laluben rubutun nan ƙanana kamar tururuwa, wanda shekara da shekaru ina latsawa, wani ma sai ya ce sai ka shiga asusun da ba ka taɓa buɗewa ba.

Su kuwa gwamnatoci a bar su da taro. Dokar CAN-SPAM da Amurka ta yi a 2003 kan saƙonnin talla na imel ba ta ma ce a nemi izininka kafin a turo ba, har kwana 10 na aiki ta ba masu turowa su cire ka. Turai ce ta ɗan taɓuka da GDPR, dokarta ta kare bayanan mutane, a 2018. Sai a 2024 Gmail ya tilasta wa masu tura saƙo 5,000 a rana su sa maɓallin cirewa na latsawa ɗaya. Kamfani ne fa ke tsawatar wa kamfani, hukumomin da ake biya albashi don wannan aikin kuwa ka tura musu ƙorafi ko amsa ba za ka gani ba.