Rigar Turkiyya da 'yar'uwar ango

Kun dai san bikin autarmu ya matso. Ankon kamu atamfa ce, wannan ba matsala, illa dai turmi yadi shida ne, ni kuma yadi shida riga da siket kawai yake fitar min, ɗankwali sai na yi ciko. Na dina ne aka ce kowacce ta sa abin da ta ga dama in dai ruwan ƙasa ne. Nan na rantse ba zan sa bubu ba. Tun da na haifi na biyu, duk shagon da na shiga bubu ake miƙo min tun kafin in buɗe baki. Ba ƙin ta nake yi ba, amma ni ma ina da ƙugu, nemansa dai ake yi a hankali.

Ranar Asabar na ɗauki ƙawar nan tawa da kuka sani, mai cewa "ki gwada mana, ai yana buɗewa", muka tari adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari. Direban ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Hajiya, ku biyun za ku cike bayan ko?" Na ce mun cike. Wannan ma ba shi ne labarin ba.

Kwari kasuwa ce da ake zuwa sari tun daga Nijar da Chadi da Kamaru, yadi kuwa ko tanti za ki ɗinka za ki samu. Amma ki ce ɗinkakkiyar riga kike nema mai faɗi, sai ki ga yaran shago suna kallon juna. Wani ya ce min, "Akwai sayiz ɗinki, Hajiya, muna da abaya har 60." Na ce, "Ɗan nan, lambar abaya tsayi ne, inci ne daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ni 54 nake sawa. 60 ɗin nan sai dai in share muku layi da ita, hannuna kuma ba zai shiga ba." Ya ce wallahi bai taɓa sani ba, alhali shi ke sayarwa. Kayan Chaina kuwa ba a magana, na ɗaga wata mai X har huɗu a wuya, 'yata ta ƙaramar sakandare ma sai ta yi azumi kafin ta shiga. Gaskiya wurin da ake mutunta irinmu shi ne gwanjon Ƙofar Wambai, inda dilar Ingila ke zuwa da 20 da 22 ba tare da kowa ya yi salati ba. To amma dinar ƙanwata ce, dangin ango za su zo da idanuwansu.

A ƙarshe wani yaro ya ja mu saman bene, wani shago mai kayan Turkiyya. Can na gan ta. Ruwan ƙasa sak, da duwatsu a wuya, ta ɗan kama a ƙugu sannan ta baje. Mai shagon ya ce, "50 ce, Hajiya, ita ce babbar cikinsu, kamar don ke aka yi." Ƙawata ta ce abin da ta saba cewa.

Wurin gwajin labule ne aka ɗaura a lungu, bayan tulin kaya. Na cire mayafi da riga, na saura daga ni sai shimi da siket, na zuge zif ɗin gefe, na yi bisimilla na zura kai. Kai ya shiga. Hannun dama ya shiga. Na hagu ya shiga rabi. Daga nan rigar ta sauko ta zauna a kafaɗa da saman ƙirji, ta ce nan ne gida. Ashe shafin cikinta irin mai santsin nan ne da ba ya ja ko kaɗan. Na ja ƙasa, ta ƙi. Na ce to a rabu lafiya, na ja sama, nan ma ta ƙi. Ga ni tsaye hannu biyu a sama kamar wadda 'yan fashi suka tare a hanya, fuskata a cikin riga, duwatsun wuyan suna kartar hancina.

A daidai lokacin aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Wanda ya san saman bene a Kwari da azahar ya san abin da nake nufi. Gumi ya karyo, rigar ta ƙara mannewa. Na kira ƙawata a hankali, shiru. Ashe ta leƙa shagon kusa taya gyale.

Mai shago ya ce daga waje, "Hajiya, lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Ta shiga?"

Na ce, "Tana kan hanya."

Aka jima. Wayata ta hau ruri a cikin jaka, ba hannun ɗauka. Ta katse, ta sake. Na ji yaron shago yana cewa, "Oga, labulen fa motsi yake yi sosai." Da na ga numfashi ya fara gagara, na ajiye girman kai na ce, "Alhaji, don Allah a samo min mace."

Jama'a, duk matan da ke Kwari ranar, ku ji wadda Allah ya haɗa ni da ita. Na ji an ɗaga labule, wata murya ta ce, "Tubarkalla masha Allah! Alhaji, ai wannan ba laifin rigar ba ne." Da ƙarfi ta faɗa, har na ji wani a waje ya yi tarin da ba na mura ba. Ta kama gefen rigar ta ce, "Shanye cikinki, 'yar nan." Na ce, "Mama, ba a ciki ta tsaya ba." Ta ce, "Ki dai shanye, komai haɗe yake." Tana ja tana tambaya. Haihuwata nawa? Ina cin tuwo da dare? Maigidan yana da wata matar? Ta ce in dinga shan ruwan zafi da lemon tsami da citta kafin karin kumallo, wata maƙociyarta da haka ta zube har aka zaci ciwo ne. Duk wannan ni ban ga fuskarta ba, hammatata kawai take yi wa magana. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai yaro, akwai man shafawa a nan?" Yaron ya ce sai dai man inji.

Sai ta taka tulin kaya ta hau, ta kama rigar daga sama ta ce in durƙusa da ƙarfi in ta ƙirga uku. A biyu ta ja. Ƙeeet! Kaina ya fito, na buɗe ido, muka yi ido huɗu. Ta ce, "Laa! Ke ba yayar amaryarmu ba ce?"

Ita ce. Gwaggon angon nan, siririyar, mai haƙorin Makka. Waɗanda suka zo karɓar lefe sun tuna ta. Ita ce ta tsaya a kan akwati tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin kuɗinsu, har da na rigar barci. Ita ce ta buɗe ambulan ɗin tukuici a tsakar gidanmu ta ƙirga da yawu, ta ce, "To, Allah ya amfana," da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Dubulan da cincin da muka kwana muna suya, ta ɗanɗana ta ce man ya ɗan kwana biyu, amma da za su tafi bokiti guda ta rungume ta ce na marasa lafiya ne a gida. Har yau Umma ba ta ga murfin bokitin ba, balle bokitin. Kuma ranar ma sai da ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa ta kusa da ita, "Gidan nan dai akwai ci." Na ji, na yi shiru saboda auta. Wannan matar ce yanzu ta san kalar shimina.

Ta fita tana ba mai shago labari dalla-dalla, shi da yake tsaye a wurin tun farko. Shi kuma ya ɗaga rigar, ta yage daga hammata har ƙugu, ya ce, "Hajiya, kin san dai ƙa'ida." Gwaggo ta taya shi: "Ai gaskiya ne, haƙƙi ne." Da kyar ya rage min wani abu, na biya. Sai ga ƙawata ta shigo da ledar gyale tana tambaya wai ta yi min kyau?

Kafin in isa gida Gwaggo ta riga ta kira Umma, wai ta ceci 'yarta a kasuwa, a yi min faɗa in rage maiƙo. Rigar tana wurin telana. Ya ce zai nemo yadin da zai shiga da ita ya ƙara a gefe da gefe, in bai samu ba sai dai a sa baƙi. Dina ranar Juma'a ce, wayarsa kuma tun Talata a kashe take.