Godiyar da ban kai inda ta dace ba

Shekara shida ke nan ina rubuta labari a waya ina sakinsu a rukunin masu karatuna na WhatsApp, kuma ban taɓa rufe shafi ba sai na rubuta "ina godiya masoyana" a ƙasansa. Har gobe godiyar nan daga zuciyata take fitowa. Amma makon jiya na zauna na lissafa mutanen da suka ɗauki nauyin rubutun nan a wuyansu, sai na tarar yawancinsu ba sa cikin rukunin, wasu ma ko babbar waya ba su da ita.

Maƙwabciyata a nan Unguwar Rogo, cikin garin Jos, ce ta yi suna. Matar nan ita ke goya min ƙaramin ɗana idan na turo ƙofa zan yi rubutu. Idan aka kwana biyu ba a kawo wuta ba, yaronta take aika ya kai min waya wajen mai caji. Ranar sunan ina da alkawarin shafi biyu ga waɗanda suka biya kuɗin karatu, na ce bari in ƙarasa in shiga. Ban ɗago kai ba sai da aka kira magariba, ina jin mata suna sallama a ƙofar gida, kowa da ledar masa da cincin a hannu. Washegari na shiga ba ta haƙuri, tana zaune tana shayar da jaririya. Ta ce, "Haba ƙanwata, ai na san aiki kike yi." Wallahi da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi.

Gwaggona ce ba ta raga min ba. Da labari ya kai mata, cewa ta yi, "'Yar nan, masu yi miki wanka ranar da kika cika ba a cikin wayar nan suke ba."

Na kwana da maganar. Kuma abin da ya fi tsaya min shi ne, labaran da masu karatu suka fi yabawa duk daga bakin Gwaggon nan na samo su. Tana da shagon atamfa a babbar kasuwar Terminus lokacin da gobara ta cinye ta a Fabrairun 2002. Muna zaune a tabarma muna feren dankali ta ba ni labarin yadda ta tsaya da asuba tana kallon hayaƙi da makullin shago a hannunta, makullin da ba shi da sauran abin buɗewa, da yadda 'yan adashinsu suka bar mata kwasar farko ta sake kafa tebur a bakin titi. Daga wajenta na ji yadda kakanmu ya baro ƙasar Kano ya zo haƙar kuza. Daga wajenta na ji su wa suka ɓoye su wa a ɗakunansu a rikicin Satumbar 2001, Musulmi da Kirista, abin da ba kowa ke son faɗa ba yanzu. Ko layi ɗaya na irin wannan ban ƙirƙiro shi a ɗaki ni kaɗai ba. Zama na yi da mutane na ji.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa sai marubuci ya janye jiki daga jama'a kafin alƙalaminsa ya yi kaifi ba. Eh, ana buƙatar awa ɗaya ko biyu na shiru. Amma rubutun Hausa bai taɓa tsayuwa da ƙafar mutum ɗaya ba. Littattafan ƙagaggun labarai na farko gasar 1933 ce ta fito da su, wadda aka shirya a Zariya, akwai masu dubawa da masu gyara a bayansu. Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 ƙungiyoyi suka kafa irin su Raina Kama, suna tallafar juna har littafi ya kai kasuwa. Mu ma haka ne. Duk lokacin da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata, wadda aka fara a 2016, za ka ga 'yan'uwa marubuta suna duba wa juna labari cikin dare ba ko sisi. Akwai wata baiwar Allah da ta koya min inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, ta yi ta bina da haƙuri a kan ƙ da ɗ da ɓ har na daina tsallake su. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Ita ma ban gode mata yadda ya kamata ba.

Masu karatuna, ina ƙaunarku, kuma kuɗinku ya biya wa yarana kuɗin makaranta ba sau ɗaya ba. Amma ku san abin da ke bayan "yau ba ci gaba ne?" da kuke turowa. Wanda ya san sanyin Jos a Disamba ya san yadda ƙarfe biyun dare yake: mutum a dunƙule cikin bargo, babban yatsa ya ƙage a kan gilashin waya, ido na ruwa, ga asuba na jira, ga ɗora ruwan wankan 'yan makaranta. Shekara shida ina haka kusan kullum. Na rasa gaisuwar mutuwa, na rasa dubiya, na bar 'yata tana ba ni labarin makarantarsu ina cewa "uhm" idona na kan waya.

Daga wannan makon sau uku zan riƙa sakin shafi: Litinin, Laraba da Asabar. Wadda ta ga ba za ta iya jira ba ta yi min magana in mayar mata da kuɗinta, ba zan ji haushi ba.

Juma'ar nan kuwa wayata za ta yini a ɗaki. Da safe zan raka Gwaggo kasuwar Farin Gada sayen kayan miya, in riƙe mata kwando. In mun dawo zan ɗauki turmin atamfa da sabulun da na saya tun kafin suna, suna nan a leda ban kai ba, in shiga wajen mai jego in karɓi jaririyar nan ta samu ta runtsa.