Lissafin rabon riga-kafin da bai san Kwarbai ba

Makon jiya na halarci wani taro a nan Zariya inda wani masani ya haska mana lissafin kwamfuta kan yadda za a raba allurar riga-kafi idan annoba ta sake ɓulla. Na tambaye shi inda ya samo yawan mutanen kowace gunduma, ya ce hasashe ne daga ƙidayar 2006. Yadda mutane ke cuɗanya kuwa, daga binciken Turai aka aro. Tun daga nan raina ya ɓaci.

Irin wannan lissafi yakan kasa jama'a kashi uku, waɗanda ba su kamu ba, waɗanda suka kamu, da waɗanda suka warke, sannan ya gwada wa za a fara yi wa allura don mace-mace su ragu. A Ingila, lokacin annobar korona, an fara da tsofaffi, kuma can ya dace. Mu nan kusan rabinmu ba su wuce shekara 18 ba, kaka da jikoki kwano ɗaya suke ci. Ina gidan mutum talatin na unguwar Kwarbai ta nan Zariya a cikin lissafin Landan?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, lissafin ya ɗauka da zarar allura ta sauka Abuja ta shiga damtse. A Maris 2021 shirin COVAX, mai raba riga-kafin korona ga ƙasashen duniya, ya kawo mana allurar AstraZeneca kusan miliyan 4. A Disamban shekarar aka lalata fiye da miliyan ɗaya saboda wa'adinsu ya ƙare. Allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Da idona na ga wata ma'aikaciyar lafiya tana sayen ƙanƙara da kuɗin aljihunta tana jerawa a akwatin allura, don an kwana uku ba wuta. Ga kuma magidancin da har yau bai manta gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba, ya tsaya a zaure ya ce ba a gidansa ba. Wace lamba aka ba shi?

Wasu za su ce da babu gara ba daɗi. Ban yarda ba, domin jami'i zai riƙe takardar ya tura mota inda ba mutane.

Masana lissafinmu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru su fito su zauna da masu unguwanni da matan da suka yi shekaru suna bin gida-gida da allurar shan inna. Su suka san rugar da ta tashi bara, da ƙofar da ba a buɗewa sai maigida ya dawo daga kasuwa.