Garantin da ba ya tare tsawa

Ina tsakiyar cin abincin rana a wurin aiki ƙanena ya kira ni ta bidiyo daga Gombe. A bayansa talabijin ne jere a bango, kowace tana nuna kifaye masu launi suna iyo, ga ƙarar janareta ta cika kunne.

"Hamma, ga mu a shagon. Dada ta ce ita dai wadda za ta ga fuskar mai wa'azi sosai. Akwai mai inci 43, akwai mai 50. Kuma Alhaji ya ce in an ƙara wani abu zai mayar da garantin ya zama na shekara uku. A ƙara?"

Na ce kada ya ƙara ko sisi, ya fara tambayo mini kuɗin sitabilaiza. Ya yi ɗan shiru, irin shirun da ke cewa wannan mutumin fam yake karɓa amma yana ƙyashin canji. Ba rowa ba ce. Na sayi talabijin a ƙasashe biyu, an yi mini tallar ƙarin garanti a duka biyun, kuma na ƙi a duka biyun, sai dai dalilin ƙin a Ingila daban, na Gombe daban.

A nan Lesta, ranar da na je sayen tawa, yaron shagon bai ɓata lokaci wajen yabon talabijin ɗin ba. Sai da muka zo wurin biya bakinsa ya buɗe. Ya ce in na ƙara wasu 'yan fama-famai duk wata, hankalina zai kwanta har shekara biyar. Abin da bai faɗa ba shi ne dokar ƙasar ta riga ta ba ni rabin abin da yake son sayar mini. Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ce idan kaya ya zo da aibi, kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. A cikin wata shida na farko, in ya lalace, ana ɗauka da aibinsa ya zo, mai shago ne zai kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Bayan nan ma kana iya neman haƙƙinka har shekara shida a Ingila, biyar a Sikotlan, ko da yake a lokacin kai ne za ka kawo hujja. Ga garantin kamfani na shekara ɗaya a kan wannan. Sannan akwai shaguna irin John Lewis da ke ba da shekara biyar kyauta a kan talabijin. To me zan saya kuma? Wutar gidan da nake haya, tun da na shiga ban ga ƙwan fitila ya ko ƙifta ba. Talabijin a nan tana tsufa ne kamar tsohuwar da 'ya'yanta ke kula da ita. Galibi gajiya ake yi da ita a sake wata tun ba ta mutu ba.

A Gombe kuwa talabijin ba ta mutuwar tsufa. Kashe ta ake yi.

Shekara huɗu da suka wuce na aika kuɗi aka saya wa Dada, mahaifiyarmu, ta farko, ta kamfani mai suna, a kwalinta, da katin garanti. Katin nan Dada ta naɗe shi a leda ta ajiye a ƙasan akwati tare da takardun gida, don an ce mata shi ne maganin lalacewa. Wata takwas da saye, cikin wani daren Agusta, aka yi ruwa da tsawa irin wadda ke sa yara su shige bayan uwa. Babu ma wuta a unguwar, kuma an kashe makunnin bango kamar yadda aka saba. Da safe aka kawo wuta, dikoda shiru, talabijin shiru, ko ɗan jan hasken nan na ƙasa babu. Ashe ba ta soket ɓarnar ta shigo ba. Ta wayar dish ta biyo daga saman kwano, ta ratsa dikoda, ta bi wayar HDMI ta shige talabijin.

Ƙanena ya rungume ta a cikin keke har shagon, da katin a aljihu. Mai shago bai yi masa gardama ba. Juya katin kawai ya yi, ya ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun Turanci da ba wanda ya taɓa karantawa a gidanmu. Garanti bai shafi tsawa ba, bai shafi hawa da saukar wuta ba, bai shafi ruwa ba, bai shafi fashewar gilashi ba. Ya ce ko da ya shafa ma, sai an tura ta wurin gyaran kamfani a wani gari, a jira makonni. Na yi fushi a lokacin, amma da na huce na ga mutumin bai cuce mu ba. Haka katin yake a ko'ina, har nan Ingila. Garanti alkawari ne cewa kamfani bai yi kuskure wajen ƙira ba. Bai taɓa zama alkawarin cewa wutar unguwarku za ta yi hankali ba.

Yanzu ka zauna ka lissafa abin da ke kashe talabijin a Jekadafari ko Pantami ko Bolari. Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi kamar an sako ruwan dam. Wutar da ke zuwa da rauni, fanka na juyawa kamar mai jin barci. Ƙaramin janareta da ke shaƙewa yana farfaɗowa lokacin da mai ya kusa ƙarewa. Tsawar damina. Ƙurar hunturu da ke toshe ramukan shan iska, da zafin Maris da Afrilu a ɗakin da ba silin. Sai jikoki. Duk cikin waɗannan babu ko ɗaya da katin ya ɗauka. Wanda ya ƙara kuɗi don a mayar da shekara ɗaya ta zama uku, ya tsawaita kariya ce daga ɓarawon da ba ya zuwa unguwarsu, ya bar ƙofa buɗe ga wanda ke zuwa kullum.

Wanda ya cece mu wani mai gyara ne a wata rumfa kusa da kasuwa, wanda kowa ke kira Injiniya. Ƙanena ya riƙe mini waya ina kallo. Ya kwantar da talabijin a kan tsohon bargo, ya kwance bayanta, ya sunkuya ya shinshina kafin ya taɓa komai. Sannan ya nuna wani baƙin tabo kusa da ramin HDMI, bai fi girman farcen ɗan yatsa ba. "Ranka ya daɗe, ga inda ta shigo." Ya tashi ya shiga cikin tarin matattun talabijin da ke jingine a bayan rumfar, ya zaro irinta sak wadda gilashinta ya fashe, ya cire allon cikinta ya dasa a tamu. Kwana biyu aka yi. Ta ƙara shekara uku tana aiki, har ranar da wani jikan Dada ya gwada ƙwallonsa a falo. Wannan karon Injiniya ko kwance ta bai yi ba. Ya ce kuɗin gilashi ya kusa kuɗin sabuwa, a bar masa ita ya ba da wani abu, za ta ceci ta wani.

Daga rumfar nan na koyi abin da ya fi duk abin da na karanta a intanet amfani. In za ka sayi talabijin a Gombe, kafin ka je shago ka biya ta wurin mai gyara, ka tambaye shi wace iri ce yake da kayanta. Masu sharhi a nan Turai suna auna baƙin hoto da kaifin launi, suna jera maki. Mai gyara ya san wadda allon wutarta ke saurin ƙonewa, da wadda in ta lalace sai an aika Kano ko Alaba a Legas neman kayanta. Talabijin da ta cika gari, irin su Hisense da LG da Samsung da TCL, ko ba ta fi kowace kyau ba, tana da 'yan'uwa a bayan rumfa. Wadda ba wanda ya taɓa jin sunanta, ranar da ta tsaya ta tsaya ke nan. Shi ya sa ma na daina sha'awar ɗauko talabijin daga nan in kai gida, duk da cewa ƙarfin wutar Ingila da na Najeriya ɗaya ne, volt 230, kuma bakin soket ɗin iri ɗaya ne. Garantinta ba ya tsallaka teku, lambar ƙirarta ba lallai a same ta a gida ba, ga fargabar gilashi a hanya. 'Yan'uwanmu na Amurka nasu ya fi wuya, don wutarsu 120 ce, sai mutum ya duba bayan talabijin ya ga an rubuta tana ɗaukar 100 zuwa 240.

Wani abin dariya, har yau a gida duk talabijin marar ƙeya sunanta filasma. Ainihin filasma kuwa manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun wajen 2014. In ka ga ta gaske a kasuwar 'yan gwanjo, ka san ta haura shekara goma, ga nauyi, ga zafi, ga shan wuta ninkin-ba-ninkin na yanzu. Mai sola ko inbata ya guje ta. Abin da ke shaguna yanzu LED ne, wato gilashi da jerin ƙananan fitilu a bayansa suna haska shi. Fitilun nan ne suka fi saurin mutuwa. In ka ji murya babu hoto, ka kunna tocilan ɗin wayarka ka manna a gilashin. In ka hango hoto dishi-dishi yana motsi, fitilun ne kawai, gyara ne mai sauƙi, kada wani ya ce maka ta mutu. Kuma yawanci mu ne ke gaggauta ajalinsu, don ana kawo talabijin daga shago da haskenta a ƙure, yadda za ta ja ido a cikin 'yan'uwanta, mu kuma mu bar ta haka shekara da shekaru. Shiga saiti ka rage hasken bayan zuwa rabi ko sama kaɗan. Ido zai huta, mita ma za ta huta.

OLED kuwa, wata irin talabijin da ake ta yabo, hotonta ba ƙarya, na gani da idona. Amma ban ga dalilin kai ta gidan da tasha ɗaya ke kunne daga hantsi zuwa dare da tambarinta kafe a kusurwa ba, don irin wannan tambarin yana iya barin inuwa a gilashinta. Haka 4K, wato hoto mai tsananin kaifi, a ƙaramar talabijin da ke kallon dikoda ta talakawa, kuɗin ado ne kawai.

Abin da ya fi garanti muhimmanci a shago shi ne ka tabbatar abin da ka saya shi ne abin da aka rubuta. Jabu ta yi yawa, har da masu nuna tambarin babban kamfani in an kunna. A buɗe kwali a gabanka. Lambar da ke jikin kwali, da ta bayan talabijin, da wadda ke cikin saiti su zama ɗaya, a kuma rubuta ta a kan rasit. A sa hoto fari fat, sannan baƙi ƙirin, ka matso ka duba ko akwai ɗigo ko layi. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, araha ba ta ado. Najeriya ma tana da dokar kare mai saye ta 2018 da hukumar FCCPC mai aiwatar da ita, amma mu faɗi gaskiya, mutumin Gombe in kayansa ya lalace ba takardar ƙorafi yake rubutawa ba. Wurin Alhaji yake komawa, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya kawo magana. Garantinmu na gaske shi ne mai shagon da ya shekara ashirin a wuri ɗaya, wanda ya san mahaifinka, wanda zai ji kunyar haɗuwa da kai a masallacin Juma'a. Baturen Lesta yana da doka ba ya buƙatar sanin kowa. Mu muna da sanayya, kuma wani lokacin ta fi dokar saurin aiki, ko da yake baƙo da marar kowa su ne ke shan wuya a wannan tsarin.

Ban ce ƙarin garanti haramun ba ne. In a rubuce yake cewa ya haɗa da lalacewar wuta da fashewa, kuma wurin gyaran yana cikin gari, kuma talabijin ɗin mai tsada ce ƙwarai, ko ta gidan kallon ƙwallo ce da ke ci da kai, to a duba. Sharaɗin dai a rubuce, da hatimi. "Kada ka damu, in ta samu matsala ka kawo" ba garanti ba ne, gaisuwa ce.

A ƙarshe mai inci 43 aka ɗauka. Kuɗin da za a ƙara na garanti da bambancin mai 50 suka sayi sitabilaiza da ɗan akwatin nan da ke jinkirta wuta na 'yan mintuna in an dawo da ita, aka kuma kira mai walda ya kafe ta a bango sama da inda ƙwallo ke kaiwa. Ragowar na ce a ba Dada ta ajiye da sunan Injiniya. Katin garanti ya tafi ƙasan akwati wurin ɗan'uwansa.

Ranar Asabar da ta wuce ƙanena ya sake kira, murya a sama. Ana tsakiyar wasa, saura minti goma a tashi, hadari ya haɗo daga gabas. Dada ta taso daga kan sallaya ba ta ce wa kowa komai ba, ta zare filogi, ta kwance wayar dish daga bayan dikoda da hannunta, ta koma ta ɗauki carbinta.

"Hamma, don Allah ka yi mata magana. Ko yayyafi ba a fara ba fa."

Na ce ya miƙa mata wayar in gaishe ta.