Injin fotokwafi na ofis ba ya mantuwa

Yana damuna yadda ma'aikata da yawa ke ɗauka cewa da zarar sun yi sikanin takarda a injin fotokwafi na ofis, suka zare abinsu, shi ke nan babu abin da ya rage a ciki. Ba laifinsu ba ne, don tsofaffin injuna haka suke aiki: haske ya bi kan takarda, kwafi ya fito, magana ta ƙare.

Manyan injunan yanzu kuwa kwamfutoci ne. Yawancinsu suna da ma'ajiyar bayanai a ciki, kuma a nan hoton takarda yake fara sauka kafin a buga shi ko a tura ta imel. Ko an goge shi, sau da yawa ana iya dawo da shi, sai dai in an saita injin ya riƙa rubuta wasu bayanai a kan gurbin.

A 2010, gidan talabijin na CBS a Amurka ya je jihar New Jersey ya sayi injunan da aka yi amfani da su, ya tarar da takardun 'yan sanda da bayanan marasa lafiya a ciki. Kamfanin inshorar lafiya na Affinity Health Plan, wanda daga injinsa bayanan marasa lafiyar suka fito, ya biya sama da dala miliyan 1.2 a 2013 kan wannan sakaci.

Saboda haka, a sa mai kula da injin ya kunna ɓoye bayanai da gogewa bayan kowane aiki. Takardar sirri a tura ta zuwa imel ɗin mutum ɗaya, ba ma'ajiyar da kowa ke buɗewa ba. Injin haya kuma, kafin a mayar da shi, a goge ma'ajiyarsa ko a cire ta.